Koren Dutsen Da Kowa Ke Tsaye A Kansa: Daga Kwarin Washington Zuwa Tsaunukan Biu

Duk ɗan Najeriyar da sabunta fasfo ko neman wata takarda ya taɓa kai shi ofishin jakadancin ƙasarsa a birnin Washington ya san unguwar Van Ness. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na jan layi ake hawa, a sauka a tashar Van Ness-UDC da ke kan titin Connecticut, sannan a taka da ƙafa zuwa International Court, inda ofishin yake a jere da na wasu ƙasashe. Galibin masu wannan zirga-zirga hankalinsu na kan layi da lamba da ranar karɓar fasfo. Kaɗan ne suka san cewa tafiyar 'yan mintoci arewa da tashar, a gefen titin Albemarle, akwai wani kwari mai duhuwar bishiyoyi da ake kira Soapstone Valley, wato Kwarin Dutsen Sabulu, wanda rafinsa ke gangarawa gabas ya haɗu da Broad Branch, daga nan ruwan ya faɗa Rock Creek.

Dutsen da ya ba kwarin suna laushi gare shi. Idan ka samu ɓallinsa ka shafa, sai ka ji santsi a yatsa, ka sa farce ka karce shi ya bar farin zane. Amma asalinsa ba mai laushi ba ne. Jikan wani dutse ne mai nauyi, mai duhun kore, daga dangin da masana ke kira feridotait, dangin da ya fi kowane dutse yawa a saman tsokar duniya, kuma ya fi kusan kowanne wuyar gani a doron ƙasa. Wani abin mamaki kuma, a cikin wannan yanki na Arewa maso Yammacin Washington, a tazarar da mutum zai iya cinyewa da ƙafa a yini guda, aka yi yawancin gwaje-gwajen farko da suka bayyana wa duniya yadda wannan dutse ke samuwa. Labarin ya shafe mu kai tsaye, domin irin wannan dutse na nan a Borno da Filato da Zamfara da Kebbi da Neja da duwatsun Azbin.

Mene ne feridotait, mene ne dunait?

Masana ilimin duwatsu sun kasa duniya gida uku: ɓawo a waje, tsoka a tsakiya, ƙwallo a can ciki. Ɓawon da muke noma da gini a kansa siriri ne ƙwarai. A ƙarƙashin teku kaurinsa bai wuce kilomita 6 zuwa 7 ba, a ƙarƙashin nahiyoyi kuwa yakan kai 30 zuwa 50. Daga nan sai tsoka, wadda ta nutsa har kusan kilomita 2,900, ta kuma cinye kashi 84 cikin 100 na girman duniya baki ɗaya. Wani masani ɗan Kuroshiya, Andrija Mohorovičić, shi ya gano iyakar ɓawo da tsoka a 1909, da ya lura cewa motsin girgizar ƙasa yana ƙara gudu farat ɗaya idan ya kai wani zurfi. Dalilin ƙarin gudun shi ne dutsen da ke can ya fi na sama tauri da nauyi. Wannan dutse shi ne feridotait.

Jigon feridotait wani ma'adini ne mai suna olibin, kore mai kalar 'ya'yan zaitun, wanda ya ƙunshi magnesiyam da baƙin ƙarfe da silika. A olibin na cikin tsokar duniya, magnesiyam ne ke da rinjaye, kusan kashi tara cikin goma idan aka gwada shi da baƙin ƙarfen. Ƙa'idar masana ita ce, dutsen da ya fito daga narkakken dutse, wanda kusan duk jikinsa ma'adinai ne masu duhu, kuma olibin ya haura kashi 40 cikin 100 a cikinsu, shi ne feridotait. Saura yawanci wani ma'adini ne da ake kira firoksin. Idan olibin ya zarce kashi 90, sai sunan ya koma dunait. Sunan ya samo asali ne daga tsaunin Dun da ke kusa da garin Nelson a ƙasar New Zealand, inda masani Ferdinand von Hochstetter ya ga dutsen a 1859. Tsaunin a tsiraice yake, ba ya riƙe itatuwa, fuskarsa kuma ja-ja ce mai ruwan ƙasa, saboda baƙin ƙarfen da ke cikin olibin yana tsatsa idan ya daɗe a iska da ruwan sama. Sai an fasa dutsen ake ganin koren. Sauran 'yan gidan su ma daga wuraren da aka fara bayyana su suka samu suna: hazbagait daga duwatsun Harz na Jamus, lazolait daga tafkin Lherz a tsaunukan Firenis na Faransa.

Olibin ɗin da ya fito garau, babu tsaga babu gurɓata, shi ne dutsen ado da Larabawa ke kira zabarjad. Akwai tsibiri mai wannan suna a Bahar Maliya, a ruwan Masar, inda aka haƙa shi tun zamanin da Girkawa ke mulkin ƙasar, kuma tsibirin kansa yanki ne na tsokar duniya da ya ɓullo sama lokacin da Afirka da yankin Larabawa suka fara rabuwa. Ɗaya daga cikin manyan zabarjad da aka taɓa gogewa, mai nauyin fiye da karat 300, daga tsibirin ya fito, kuma yana ajiye a gidan adana kayan tarihin halittu na Smithsonian da ke kan titin Constitution a Washington, inda shiga kyauta ne.

Tukwanen mutanen farko

Birnin Washington a kan gaɓar ƙasa iri biyu yake zaune. Kudu da gabas yashi ne da laka da tsakuwa da koguna suka tara. Arewa maso yamma kuwa tsohon fa ne mai tauri, shi ya sa Georgetown da Cleveland Park da Van Ness suke hawa da gangara, shi ya sa kuma Rock Creek ya yanka kwari mai zurfi. Masana sun auna shekarun wasu daga cikin duwatsun Georgetown sun samu kimanin miliyan 470. A wancan zamani wani tsohon teku ne mai suna Iyafetus ke rufewa, jerin tsibiran duwatsu masu aman wuta na karo da gefen nahiyar Amurka ta Arewa. A cikin wannan matsi da tunkuɗa, guntayen duwatsu masu yawan olibin da firoksin suka maƙale a tsakanin sauran duwatsu. Daga baya, kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce, Afirka ta zo ta manne da Amurka, gabashin Amurka ya zama maƙwabcin arewa maso yammacin nahiyarmu, har sai da tekun Atilantika ya fara buɗewa kimanin shekara miliyan 200 da suka shige.

Olibin ba ya jure ruwa. A zurfin da ya saba, zafi ya yi yawa, ruwa kuma ya yi ƙaranci. Da zarar ya hau sama ruwan zafi ya ratsa shi, sai ya sha ruwan ya kumbura ya rikiɗe ya zama safentin, dutse mai sulɓi da zane-zanen kore da baƙi. Idan ruwan na ɗauke da silika ko iskar kabon, rikiɗar takan ci gaba har a samu talk, ma'adinin da ya fi kowanne laushi, wanda ake yin hodar shafawa da shi. Dutsen da talk ya yi yawa a cikinsa shi ne dutsen sabulu.

Mutanen asalin yankin sun gano amfaninsa tun shekara 3,000 zuwa 4,000 da suka wuce, kafin ginin tukwanen yumɓu ya yaɗu a cikinsu. Dutse ne da ake iya sassaƙawa da wani dutsen, wuta ba ta fasa shi, yana kuma riƙe zafi ya daɗe. A wani tudu da ake kira Rose Hill, daidai inda titin Connecticut ya ratsa kusa da Albemarle a yau, suka buɗe mahaƙa. William Henry Holmes na cibiyar Smithsonian ya tona wurin a farkon shekarun 1890, ya kuma bayyana abin da ya gani a babban rahotonsa na 1897 kan kayan aikin dutse na yankin kogin Potomac. Yadda aikin yake: mai sassaƙa yakan share ƙasa har ya kai ga fa, ya sa tsinin dutse mai tauri ya yi ta sara a kewaye har dunƙule mai siffar tukunya ya fito, sannan ya sare gindinsa ya ɓalle shi. A nan bakin rami yake fara rarake cikin, ya bar kunnuwa biyu na riƙewa. Wadda ta tsage a hannunsa sai ya yar da ita a wurin, ya ɗauki wadda ta tsira ya tafi ƙarasawa a gida. Waɗannan fasassun da ba a gama ba su Holmes ya tarar birjik. Faɗaɗa titi da gine-gine sun cinye mahaƙar daga baya, sai kwarin ya rage, yana ƙarƙashin kulawar hukumar gandun daji ta ƙasa a matsayin yanki na Rock Creek Park.

Tanderun titin Upton

Kudu kaɗan da kwarin, a lamba 2801 titin Upton, akwai wani tsohon gini da a yau makarantar koyon kiɗa ta Levine ke ciki. Shi ne tsohon gidan Geophysical Laboratory, ɗakin gwaje-gwajen da cibiyar Carnegie ta kafa a 1905 ƙarƙashin jagorancin Arthur L. Day. Manufarsu a lokacin baƙuwa ce. Masana duwatsu sun saba yawo da guduma su ɗebo samfuri su siffanta shi. Mutanen titin Upton suka ce za su narkar da dutse da hannunsu, su auna zafin da kowane ma'adini ke narkewa da wanda yake daskarewa, domin a daina hasashe.

Wanda ya fi kowa suna a cikinsu shi ne Norman L. Bowen, haifaffen garin Kingston na Kanada a 1887, wanda ya zama cikakken ma'aikacin wurin a 1912. Aikinsa na haƙuri ne tsantsa. Yakan auna garin sinadarai masu tsabta, ya naɗe ɗan ƙanƙanin abu a fallen filatinam, ya rataye shi a cikin tanderun lantarki a kan zafin da ya zaɓa, ya jira. Idan lokaci ya yi sai ya saki ƙunshin ya faɗa cikin zaiba ko ruwa, ya daskare nan take, ta yadda duk abin da ke ruwa-ruwa a lokacin zai zama gilashi, ƙwayoyin da suka riga suka fito kuma su tsaya yadda suke. Sai ya niƙa ya duba a madubi mai ƙara girma, ya rubuta, ya sauya zafin kaɗan ya sake. Da irin wannan maimaici, shi da Olaf Andersen suka nuna a 1914 cewa olibin mai magnesiyam zalla ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,890 a ma'aunin Salshiyos. A 1935 kuma, tare da J. Frank Schairer, ya kammala taswirar dangin olibin gaba ɗaya, har zuwa mai baƙin ƙarfe zalla da ke narkewa a digiri 1,205.

Gwajinsa na 1915 shi ne ya fi shafar labarinmu. Ya narkar da haɗi a cikin ɗan kofin filatinam, ya rage zafin daidai inda olibin zai fara fitowa, ya bar shi tsaye. Da ya daskarar da shi ya duba daga sama zuwa ƙasa, sai ya tarar ƙwayoyin olibin sun nutse sun taru a gindi, kamar yadda gasara ke kwanciya a ƙasan roba idan an tace ƙullu aka bar shi ya kwana. Gwargwadon daɗewar jira, gwargwadon kaurin abin da ya kwanta. Daga nan ya fitar da hukunci mai nauyi: idan narkakken dutse irin na basalt ya fara hucewa a cikin ƙasa, olibin ne ke fara fita, saboda shi ya fi jure zafi. Idan ya nutse ya ware, ruwan da ya rage ya riga ya sauya, magnesiyam ɗinsa ya ragu, silikarsa ta ƙaru, don haka abin da zai haifa nan gaba wani dutse ne daban. Ta haka uwa guda za ta iya haifar da duwatsu iri-iri. Dunait kuwa, a ganinsa, tarin ƙwayoyin da suka kwanta ne. Ya tattara wannan fahimta a littafinsa na 1928 kan yadda duwatsun da suka fito daga narkakken dutse ke sauyawa, kuma har yau duk ɗalibin ilimin duwatsu, a Zariya ne ko a Yamai, sai ya haddace jerin Bowen a shekararsa ta farko.

Gardamar da Afirka ta raba

Bowen ya tsaya kai da fata cewa babu narkakken dutse mai sinadarin feridotait da ya taɓa malala a doron ƙasa, domin zafin da ake buƙata ya wuce misali. Harry Hess na jami'ar Princeton ya ƙalubalance shi a 1938, ya ce idan da ruwa mai yawa a ciki, dutsen zai iya narkewa a zafi kaɗan. Bowen bai amsa da baki kawai ba. Shi da O. Frank Tuttle suka koma ɗakin gwaji da tukunyar matsi, suka wallafa sakamako a 1949: safentin ba ya rayuwa sama da wajen digiri 500, kuma ruwa bai narkar da haɗin ba a zafi da matsin da suka gwada. Ma'ana, manyan guntayen feridotait da ake gani a tsaunuka a daskare aka turo su sama.

Bowen ya rasu a Washington a 1956 yana da rinjaye a wannan gardama. Shekara 13 bayan haka, a 1969, wasu tagwaye 'yan Afirka ta Kudu, Morris da Richard Viljoen, suka bayyana wasu duwatsu a bakin kogin Komati da ke yankin Barberton. Sinadarinsu na feridotait ne, amma siffarsu ta dutsen da ya malala ya daskare a fili ce, da dogayen ƙwayoyin olibin masu kama da ganyen ciyawa, alamar saurin hucewa. Shekarunsu sun kai wajen biliyan 3.5. Aka sa musu suna komatiyait. An ƙiyasta zafinsu lokacin fita da kimanin digiri 1,600, alhali na duwatsu masu aman wuta na yau bai cika wuce 1,200 ba. Ashe duniya a ƙuruciyarta ta fi haka zafi. Ma'aunin Bowen daidai ne, kuma da shi aka gane girman abin da aka samu a Komati. Hukuncinsa na cewa abin bai taɓa faruwa ba shi ne ya faɗi. A yau masana sun san hanyoyi fiye da ɗaya na samuwar dunait: akwai na kwanciyar ƙwayoyi yadda Bowen ya nuna, akwai kuma wanda ke samuwa a cikin tsokar duniya, inda narkakken dutse mai ratsawa ke cinye firoksin ya bar olibin.

Afirka ta sake ba da gudummawa ta wata hanya. Bututun kimbalait, waɗanda ake haƙar daimon a cikinsu, suna tasowa daga zurfi mai nisa da gudun gaske, suna tsinto guntayen feridotait a hanya. Francis R. Boyd na ɗakin gwajin titin Upton ya yi nazarin irin waɗannan guntaye daga ƙasar Lesotho, kuma a 1973 ya nuna yadda za a karanta zurfi da zafin da kowane guntu ya fito daga sinadarin firoksin ɗinsa. Wasu daga zurfin da ya kusa kilomita 200 suka taso.

Shi kansa filin da ofishin jakadancin Najeriya ke kai yana da rabo a labarin. A da harabar hukumar ma'aunai ta Amurka ce, kafin ta koma Gaithersburg a shekarun 1960. A can ne, a ƙarshen shekarun 1950, Charles Weir da Alvin Van Valkenburg da abokan aikinsu suka ƙera wata 'yar na'ura da ke matse ƙwayar abu tsakanin tsinin daimon biyu. Ho-kwang Mao da Peter Bell na ɗakin gwajin Carnegie suka inganta ta har a tsakiyar shekarun 1970 suka kai matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau miliyan guda. Da irin waɗannan na'urori ake gwada halin ma'adinai a zurfin da ba a taɓa haƙawa ba. An san yanzu cewa a zurfin kilomita 410 olibin yana sauya tsarin jikinsa ya ƙara cushewa, a 660 kuma ya rabe ya zama wasu ma'adinai. Ɗakin gwajin ya bar titin Upton a 1990 ya koma Broad Branch Road, duk a cikin Arewa maso Yamma, inda yake aiki har yau da sunan Earth and Planets Laboratory.

Arziki da haɗari a dutse guda

Inda feridotait yake, nan ake neman kuromiyam da nikel da filatinam. Jihar Maryland, maƙwabciyar Washington, ta ci wannan moriya tun da wuri. Wani ɗan kasuwar Baltimore, Isaac Tyson Jr., ya lura cewa kuromait, ma'adinin da ake samun kuromiyam daga cikinsa, na fitowa ne a filayen safentin masu ƙarancin tsiro, ya bi su yana saye, irin su Soldiers Delight. Daga 1828 zuwa wajen 1850 mahaƙansa ne ke ba duniya yawancin kuromiyam ɗinta, har sai da na Turkiyya ya shigo kasuwa. Kuromiyam shi ne sirrin ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma gishirinsa ne masana'antun jima na zamani, irin na Challawa da Sharaɗa a Kano, ke jeme fata da shi. Abin da ya yi wa Tyson jagora, manomi ma zai iya gani: ƙasar da ta fito daga wannan dutse tana da ƙarancin kalsiyam, magnesiyam da nikel sun yi mata yawa, shuka ba ta jin daɗinta.

A yankuna masu zafi da ruwan sama, feridotait yakan ruɓe ya bar jar ƙasa mai tarin nikel. Daga irin wannan ƙasa Indonesiya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da nikel, wanda batirin motoci masu lantarki ya ƙara wa daraja. Norway na haƙar dunait a Åheim tana sayar wa masana'antun ƙarfe. A can ɗaya gefen Amurka, a jihar Washington, wadda ba ita ce babban birnin ba, tsaunin Twin Sisters kusan gaba ɗayansa dunait ne. A Oman kuma, inda wani katafaren yanki na ƙasan teku ya hau kan tudu, Peter Kelemen da Jürg Matter sun nuna a 2008 cewa feridotait na zuƙar iskar kabon da kansa yana mayar da ita farin dutse a cikin tsagoginsa. Wani kamfanin ƙasar mai suna 44.01, da ke ƙoƙarin hanzarta wannan aiki ta hanyar tura iskar cikin rijiyoyi, ya ci kyautar Earthshot a 2022.

Haɗarin ma a jikin dutsen yake. Wani nau'in safentin yana fitowa zare-zare, shi ne farin asbesto, wanda ƙurarsa ke lalata huhu tana kawo sankara bayan shekaru. A 1977 masu bincike daga makarantar likitanci ta Mount Sinai a New York suka wallafa a mujallar Science cewa tsakuwar safentin da ake fasawa kusa da Rockville, arewa da Washington, ana shimfiɗawa a hanyoyi da filaye a gundumar Montgomery, tana sakin zaren asbesto a iska. Wannan ya faru ne a bakin ƙofar babban birnin ƙasar da ta fi kowa ɗakunan gwaji. Abin da ya bambanta shi ne an samu masu aunawa, suka faɗa, aka ji.

Namu na gida

A tudun Biu da ke kudancin Borno, ƙasar tafkin Tila da Miringa, tsofaffin duwatsu masu aman wuta sun bar baƙin basalt ko'ina. A cikin wasunsu, idan aka fasa, akan tarar da dunƙule kore mai ƙyalli, ƙwayoyinsa tsaba-tsaba, yana marmashewa a hannu idan ya daɗe a waje. Wannan guntun tsokar duniya ne da wutar ta ɗauko daga zurfin gomman kilomitoci. Masana sun bayyana irinsa a Biu da kuma duwatsun Panyam da Kerang a tudun Jos. Jiragen bincike na kashe maƙudan kuɗi don samun irin wannan samfuri; a 2023 jirgin JOIDES Resolution ya haƙo mita 1,268 na dutsen tsokar duniya daga ƙasan Atilantika, aka yi ta murna a duniyar kimiyya. Yaron da ke kiwo a Biu yana iya tsintar ɗan'uwan wannan dutse a gefen hanya.

A arewa maso yamma, cikin tsofaffin duwatsun da suka sha matsi kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, akwai safentin a wurare irin su Tungar Kudaku a ƙasar Anka da Ribah a Jihar Kebbi, kuma an samu kuromait tare da shi a yankin Anka. Kagara a Jihar Neja ta yi suna da talk. A Esie ta Jihar Kwara akwai mutum-mutumi fiye da 800 da magabata suka sassaƙa da dutsen sabulu, kuma dominsu aka buɗe gidan tarihi na farko a Najeriya a 1945. A Jamhuriyar Nijar, cikin duwatsun Azbin arewa da Agadas, akwai zoben dutse mai suna Meugueur-Meugueur, faɗinsa wajen kilomita 65, wanda jikinsa dutse ne mai yawan olibin, kuma yana cikin mafi girman irinsa a duniya.

Dutse dai muna da shi. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne awo kafin haƙa. Jihar Zamfara ta ɗanɗana kuɗar wannan a 2010, lokacin da gubar dalma da ke cikin dutsen zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare na ƙasar Anka, saboda ana niƙa dutsen a cikin gida, a tsakar da yara ke rarrafe, ba wanda ya san me ke cikinsa. Wancan dutse daban ne da safentin, amma darasin ɗaya ne, kuma ƙasar Anka ɗaya ce. Wanda zai niƙa talk ko ya fasa safentin don tsakuwar hanya yana buƙatar wanda zai gaya masa ko akwai asbesto a ciki kafin ƙura ta tashi. Wanda ke da gona a kan jar ƙasa mai nikel yana buƙatar sanin darajarta kafin baƙo ya zo ya saye ta da kuɗin gona. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Muna da tushen da za a ɗora a kai. An kafa hukumar binciken ƙasa ta Najeriya tun 1919, tana kuma da ɗakunan gwaji a Kaduna. Akwai sassan ilimin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da jami'o'in Jos da Maiduguri, da Jami'ar Abdou Moumouni da makarantar EMIG a Yamai. Abin da titin Upton ya nuna shi ne aikin da ya sauya ilimin duwatsu na duniya ya fito ne daga ƙaramin gini, da tanderu, da madubi, da wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa, da kuɗin da aka ware aka bar masu bincike su yi shekaru a kan tambaya guda. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ya fi ƙarfin gwamnatin jiha, ko attajiri guda mai niyya, domin ita ma cibiyar Carnegie da dukiyar attajiri guda aka kafa ta a 1902.

Don haka kira na ga gwamnonin jihohin da waɗannan duwatsu suke, da hukumomin jami'o'inmu, da masu hannu da shuni: a sayi kayan awo, a gyara na da, a ba ɗalibai kuɗin fita daji su zana taswira, a kuma fassara sakamakon da Hausa a kai wa hakimai da dagatai da ƙungiyoyin masu haƙa. Ku kuma masu haƙa da masu niƙa, kada ku shigar da dutsen da ba ku san cikinsa ba gidan da iyalinku ke kwana. A kai samfuri a auna tukuna.